Sanyin ƙashi da dashen gaɓar ƙarfe: Aikin bai ƙare a ɗakin tiyata ba

Duk wanda ya san Maƙarfi a lokacin saran rake, ko fadamun Kudan da Hunƙuyi da rani, ko gonakin tumatir na Ikara, ya san cewa da gwiwa da ƙugu ake neman abinci a wannan yanki. A tsugune ake dashe, a duƙe ake noma, a ka ake ɗauko damin rake zuwa bakin mota. Idan gaɓar maigida ta ƙi, gidan gaba ɗaya ne ke shiga wani hali.

A 'yan shekarun nan an fara jin labarin waɗanda aka sauya wa gwiwa ko mahaɗar kwatangwalo da ta ƙarfe, wasu a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wasu a Abuja, masu hali kuma a Indiya ko Masar. Mutum ya tafi da sanda ya dawo da ƙafarsa, dangi su yi ta barka. Sai dai abin da binciken masana garkuwar jiki ya daɗe da nunawa shi ne, daga ranar da aka saka ƙarfen jiki ke fara mu'amala da shi, kuma wannan mu'amala ce ke yanke hukuncin ko gaɓar za ta yi shekara 5 ko 25.

Sanyi ɗaya a baki, cututtuka daban-daban a jiki

Kafin a kai ga batun ƙarfe, akwai matsalar suna. Kusan duk ciwon gaɓa a wurinmu sanyi ne ko amosani, alhali likitoci na ganin cututtuka da ba su haɗa hanya ba.

Akwai na zaizayewar guringuntsi, wanda shekaru da aikin ƙarfi da ƙiba da tsohon rauni ke kawowa. Shi ne ya fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 528 ne ke fama da shi a 2019, kuma gwiwa ya fi kamawa.

Akwai kuma wanda garkuwar jiki ce da kanta ke juyowa ta afka wa gaɓɓai, tamkar maigadi ya far wa masu gida. Likitoci na kiran sa rumatoyid. Hukumar ta ce mutum miliyan 18 ke da shi a shekarar, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Yakan fara da ƙananan gaɓɓan yatsu da wuyan hannu, dama da hagu a tare, da kumburi da sandarewar da kan wuce rabin awa bayan tashi daga barci. Matar da ta kasa murɗa tsumma ko riƙe muciya da safe tsawon makonni, tana cikin waɗanda ya kamata a yi wa gwajin jini tun da wuri, domin ɓarnar da wannan ciwo ke yi wa gaɓa a shekarun farko ba ta gyaruwa.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar matasanmu: mutuwar kan ƙashin cinya ga masu sikila. Jinin da ya lanƙwashe yana toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin, sai ya mutu ya rufta. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara. Ga irin waɗannan, maganar sauya gaɓa kan taso suna 'yan shekara 20 ko 30.

Tarihin binciken ma ya biyo ta Zariya. Brian Greenwood, likita ɗan Ingila da ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1970 zuwa 1980, ya wallafa wani nazari a mujallar Lancet a 1968, lokacin yana Ibadan. Ya lura cewa cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar mai ita ba su da yawa a cikin waɗanda ake kwantarwa a asibitin koyarwa na can, ya kuma yi hasashen cewa yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da sauran ƙwayoyin cuta na iya sauya halin garkuwar. Hasashen ya yi tasiri a duniyar bincike. Amma a 2010 Farfesa Femi Adelowo da abokan aikinsa suka fitar da bayanin majinyata 200 masu rumatoyid daga asibiti guda a Legas. Ana iya fahimtar abin ta fuska biyu: ko dai rayuwa ce ta sauya, ko kuma masu ciwon suna nan tun da can, asibiti ne ba sa zuwa. A ganina, duk wanda ya san yadda ake jinyar sanyi a ƙauyukanmu, daga ƙaho zuwa sakiya zuwa jiƙo, ba zai yi saurin watsi da fuska ta biyu ba.

Haɗin kemis

A yau inda mai ciwon gaɓa ya fi zuwa shi ne kemis, a ƙulla masa haɗi. Sau da yawa a ciki akwai dikulofenak da kuma deksametazon ko firedinisolon. Gaskiya ne suna kwantar da ciwo cikin sa'o'i, shi ya sa ake komawa. Amma na farkon, idan aka daɗe ana sha, yana jawo gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda. Sauran biyun suna danne garkuwar jiki, suna tayar da suga da hawan jini, suna rage ƙwarin ƙashi. Abin da ya fi ban takaici, yawan shan su na cikin sanannun abubuwan da ke kashe kan ƙashin cinya, wato irin ciwon da ke kai mai sikila ga tiyata. Wannan gargaɗi ya shafi har masu shan irin waɗannan ƙwayoyi don ƙiba, abin da ake kira sha-ka-fashe.

Alhali rumatoyid yana da maganin da ke taka masa birki, metotireksat, wanda ba shi da tsada sosai. Sau ɗaya ake shan sa a mako, da kulawar likita da gwajin jini, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan sa. A farkon shekarun 1990 Marc Feldmann da Ravinder Maini suka nuna a Landan cewa toshe wani sinadarin kumburi mai suna TNF yana kwantar da cutar, daga nan aka samu sababbin allurai masu ƙarfi. Tsadarsu ta fi ƙarfin talaka, sannan suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, abin da ba wasa ba ne a ƙasar da ke sahun gaba a yawan masu tarin a Afirka.

Yadda jiki ke karɓar baƙo

Wanda ake ɗauka a matsayin uban tiyatar sauya kwatangwalo ta zamani shi ne John Charnley na asibitin Wrightington a Ingila. A ƙarshen shekarun 1950 ya yi amfani da robar Teflon a matsayin kwaskon da kan ƙarfen zai riƙa juyawa a ciki. Da farko majinyata sun ji daɗi. Cikin 'yan shekaru robar ta cinye, ɓarɓashinta ya tayar da mummunan kumburi, dole ya sake buɗe mutane da yawa daga cikin kusan 300 da ya yi wa aikin. Har ɓarɓashin ya cusa a cinyarsa don ya ga abin da zai faru. A Nuwamban 1962 ya koma wata roba mai tauri da ake kira foliyetilin, wadda har yau jikokinta ake amfani da su.

Abin da Charnley ya gani da ido, masana garkuwar jiki sun yi bayaninsa daga baya. Duk takun da mutum ya yi, ƙarfe na gogar roba, ƙananan ɓarɓashi da ido ba ya gani suna zuba. A jiki akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofaj, aikinsu haɗiye duk baƙon abu su narkar da shi. Suna haɗiye ɓarɓashin, amma ba ya narkewa. Sai su yi ta fitar da sinadaran neman agaji, ciki har da TNF ɗin nan na rumatoyid. Waɗannan sinadarai suna zuga ƙwayoyin da aikinsu shi ne rushe tsohon ƙashi, sai su shiga cin ƙashin da ke riƙe da ƙarfen. A hankali gaɓar ta yi sako-sako ba tare da wata ƙwayar cuta ta shiga ba.

Haɗarin shi ne wannan zaizaya kan yi nisa mutum bai ji ciwo ba. Hoton ƙashi ne ke nuna ta. Wanda ya jira sai ya fara ɗingishi, wataƙila ƙashin da za a kafa sabon ƙarfe a kai ya riga ya ragu, kuma tiyata ta biyu ta fi ta farko wuya da tsada.

An samu ci gaba. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka fito da robar da ta fi jure guga, ana kuma amfani da kan tangaran. Wani nazari na Jami'ar Bristol da Lancet ta wallafa a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na kwatangwalon da aka sauya suna kai shekara 25, na gwiwa kuma kusan kashi 82. Sai dai alƙaluman daga ƙasashe irin su Suwidin da Finland da Ostireliya suka fito, inda akasarin majinyatan dattawa ne da suka ajiye aiki. Ba su ɗaukar buhun masara, ba su shiga masai na tsuguno, ba su zaman tabarma.

Darasin ƙarfe a kan ƙarfe

Don kauce wa ɓarɓashin roba, kamfanoni suka dawo da gaɓar da kai da kwasko duk ƙarfe ne, aka tallata ta musamman ga matasa masu kuzari. Sai ga shi tana zubar da sinadaran kobal da kuromiyam a nama da jini, garkuwar wasu mutane ta tayar da kumburin da ke kashe tsoka. A watan Agustan 2010 kamfanin DePuy, reshen Johnson & Johnson, ya janye samfurinsa na ASR bayan an saka wa mutum kusan 93,000 a duniya. Alƙaluman rajistar gaɓɓai ta Ingila da Wales sun nuna kusan mutum 1 cikin 8 na buƙatar sake tiyata cikin shekara 5.

Rajista ce ta tona asirin, wato kundin da ake rubuta kowane majinyaci da irin ƙarfen da aka saka masa da abin da ya biyo baya. Suwidin ta fara nata tun 1975 ga gwiwa, 1979 ga kwatangwalo. A Amurka kamfanin ya amince a 2013 zai biya diyyar kusan dala biliyan 2.5. A Indiya kuwa, inda aka saka wa mutum kusan 4,700, rahoton kwamitin gwamnati da ya fito a 2018 ya nuna fiye da 3,000 ba a ma san inda suke ba. Indiyar nan ce dai 'yan Najeriya da dama ke zuwa a yi musu irin wannan aiki.

Ina aka bar mutumin Ikara?

A yi tunanin matashi mai sikila daga Paki ko Tashar Yari da aka sauya wa kwatangwalo yana ɗan shekara 25. Ko da an dace da ƙarfe mai kyau, lissafi na nuna zai iya buƙatar wani kafin ya kai 50. Saifar masu sikila kan daina aiki tun suna yara, don haka ƙwayoyin cuta sun fi samun su, kuma ƙwayar cuta idan ta manne a jikin ƙarfe takan lulluɓe kanta da wani yauƙi da magani ke wahalar ratsawa. Ƙurji ko ruɓaɓɓen haƙori da aka yi sakaci da shi na iya aika cuta ta jini zuwa gaɓar. Ƙaho ko sakiya ko allurar ɗan kemis a kan wurin kuwa, buɗe mata ƙofa ne.

Ga kuma kuɗi. Daga waje ake shigo da ƙarafan, da dala, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin duk kayan asibiti ya tashi. Miliyoyin naira ake magana, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa. Iyalin da suka sayar da gona aka yi aikin farko, me za su sayar a yi na biyu? Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, Jihar Kaduna kuma na da hukumarta ta KADCHMA. Tambayar da ya kamata 'yan majalisar da ke wakiltar Ikara da Maƙarfi da Kudan su yi ita ce, wane kaso na jinyar gaɓɓai tsarin ke ɗauka, musamman gwajin jini da hoton bibiya, waɗanda ba su kai tiyata tsada ba.

Ba a ce a riƙa sauya gaɓa a kowace ƙaramar hukuma ba, wannan aikin manyan asibitoci ne irin Dala, wanda ke aiki tun 1959, da Asibitin Koyarwa na Shika. Abin da manyan asibitocin Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi za su iya shi ne ɗaukar hoton bibiya a aika wa likitan da ya yi aikin, ko da ta waya ce, da kuma tura mai kumburin yatsu gaba maimakon a sallame shi da maganin ciwo. Makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris tana nan Maƙarfi, ɗalibanta ne ke cika ƙananan asibitocin karkara. Koya musu bambance sanyin tsufa da na garkuwar jiki ba ya buƙatar wata na'ura.

Shi kuma majinyaci, ko a Kano aka yi masa ko a Delhi, yana da haƙƙin ya karɓi takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera gaɓar, da samfurinta, da lambarta, da ranar aikin. Kowane ƙarfe da irin wannan lamba yake zuwa a kwalinsa. Ya tambayi likita yaushe zai dawo hoto ko da ba ya jin komai, wane aikin gona zai bari, kuma ko salla a kan kujera ta ɗan lokaci ce ko ta dindindin. Charnley da kansa ya riƙa roƙon majinyatansa su yi wasiyya a mayar masa da gaɓar bayan rasuwarsu, don ya ga abin da jiki ya yi da ita, kuma da yawa sun amince.