Gwanjon Intanet da Makomar Takardun Kakanninmu

A bakin Bahaushe, kalmar gwanjo ta fi tafiya da tufafin da aka sa aka tuɓe, wato abin da darajarsa ta ragu. A gwanjon intanet kuwa, tsufan abu shi ne kuɗinsa. Tun da Pierre Omidyar ya kafa eBay a Amurka a 1995, mai tsohon kaya kan ɗora hotonsa, ya yanka wa'adi, masu so su yi ta ƙarin tayi, wanda ya fi kowa a cikar wa'adi a sallama masa.

Ba ni da ja a kan cinikin anini mai huda ko kan sarkin zamanin Turawa, domin an buga su da yawa. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne falle guda na rubutun ajami da na gani a wani dandalin gwanjo, an ce wai addu'a ce ta Larabci, alhali waƙar wa'azi ce ta Hausa. Dillalan tsofaffin littattafai sun daɗe da gane cewa sayar da littafi falle-falle ya fi riba. To amma shafin ƙarshe, inda magabata kan rubuta sunan marubuci da shekarar kammalawa, in ya rabu da 'yan'uwansa, manazarcin harshe ya rasa madogarar sanin zamani da karin harshen da ke gabansa.

Doka dai akwai ta. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, ciki har da rubuce-rubucen da suka girmi 1918. Sai dai falle guda a ambulan yake tafiya, kuma magajin da yunwa ta matsa wa bai san da ita ba.

Saboda haka tsawa kaɗai ba za ta yi magani ba. Ya kamata Gidan Arewa da ke Kaduna da jami'o'inmu su bi gidajen malamai, su ɗauki hoton kowane littafi cikakke, su kuma ware kuɗin sayen wanda magada suka ƙudurta sayarwa. Mu ma 'yan boko, kowa ya buɗe gafakar kakansa tun dillali ko gara ba su riga shi ba. Allah Ya sa mu farga.