Darasin zama da Maguzawa

Bayan jihadin 1804, sarakunan Kano da Katsina ba su tilasta wa Maguzawa barin tsafinsu ba. Jiziya aka ɗora musu, aka ci gaba da cin kasuwa tare. Bamaguje ya sauke buhun dawarsa, malami ya taya ya saya, alhali zuciyarsa na ƙyamar abin da mutumin yake bauta wa. Yau sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa 'yancin addini. Kisan Deborah Samuel bisa zargin ɓatanci a Sakkwato a Mayun 2022 ya saɓa wa wancan darasin zama da Maguzawa da kuma wannan sashe. Wanda wata aƙida ta ɓata wa rai, ga kotu, ga muƙabala. Muna roƙon limaman Achilafiya, Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura su faɗa wa matasa haka a huɗubar Juma'a.