A Daina Cewa Halinmu Ne

Duk ranar da keke Napep ta yi karo da mota a shataletalen Post Office ko kan hanyar Baga a Maiduguri, kafin ma a ɗauke wanda ya ji rauni an riga an yanke hukunci: "Mutanenmu ba sa jin magana. Ka je Turai ka ga tuƙi!" Kowa ya gyaɗa kai, a ce ƙaddara ce, a watse. Wannan magana ta ishe ni, domin ba abin da take yi illa wanke masu tsara titi, ta jibga wa yaron da ke riƙe da kan keke laifin duka.

Turawan da ake yi mana gori da su ba da ladabin tuƙi aka haife su ba. A 1971 hatsarin mota ya kashe mutum fiye da 3,000 a Holand, cikinsu yara sama da 400. Iyaye suka fito suka tare tituna, sai hukuma ta matse hanyoyin cikin unguwa don dole mota ta rage gudu, ta ware wa masu keken hawa hanyarsu daban. Yau motocinsu sun ninka, amma mamatan ba sa kai 800 a shekara. A 1997 majalisar Suwidin ta amince da wani tsari mai sauƙin fahimta: ɗan Adam zai yi kuskure ko ya ƙi ko ya so, don haka aikin injiniya ne ya gina titin da kuskure ba zai zama ajali ba. Suka sa shinge a tsakiyar manyan hanyoyi. Yanzu cikin kowane mutum 100,000 ba sa rasa fiye da uku a shekara, alhali rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ba Afirka kusan 19. In kuma an ce ai su Turawa ne, to Kigali fa? Can ɗan acaɓa ba ya fita sai da hular kwano biyu, tasa da ta fasinja.

Mu dawo gida. A 2011 aka hana babur a Maiduguri saboda rikicin Boko Haram, keke Napep ta cika gari. Titunan nan ba don ita aka gina su ba, kuma a yawancin hanyoyi babu wurin da aka ware mata na ɗauka da saukewa. Yaron da mai keke ke jiran balas a hannunsa da magariba, ga kuɗin mai, ga tikitin ƙungiya, in ya hango mace ta ɗaga hannu a tsallaken titi zai yanko ne ba sigina, ya tsaya cak a gaban tifa. Ka kira shi mahaukaci in ka so. Lissafin cikinsa yake yi.

Hanyar Damaturu ta fi bayyana abin. A Fabrairun 2020 matafiyan da suka iso bayan sojoji sun rufe ƙofar shiga gari da yamma suka kwana a Auno, aka far musu cikin dare, aka kashe aƙalla mutum 30. Bayan wannan, wane direba ne shingayen bincike za su cinye masa sa'o'i, ya ga rana ta karkata, sannan allon "rage gudu" ya sa ya ɗaga ƙafa daga totur? Fasinjojin da kansu ke ce masa, "Direba, taka mana!"

Ban ce babu 'yan ganganci ba. Akwai mai waya a kunne, akwai mai bin hannun da ba nasa ba. Amma wanda ya karɓi lasisi ba tare da an gwada tuƙinsa ba, shi ya buga wa kansa hatimi? Kuma mutanen garin nan ba su manta yadda taƙaddamar hular kwano ta ƙare da harbi a Yunin 2009 ba. Dokar da ake aiwatarwa da kwanton ɓauna gudu take koya wa mutum.

Gadar sama ta Kwastam da aka buɗe a 2021 ta rage cunkoso, madalla. Sai dai ɗan firamaren da ke tsallaka hanyar Bama da safe ba gadar motoci yake bukata ba. Tudun rage gudu yake so a ƙofar makarantarsa, da fitilar titi mai aiki, da tashar keke da ba ta cikin tsakiyar hanya, kuma duka ukun ba su kai kuɗin ginshiƙin gada ɗaya ba.