Waiwaye: Wace mai gas ce ba ta mutuwa?

Duk dillalin da ya ga ka tsaya gaban jif mai shan gas kana leƙen agogonta, abu ɗaya zai ce maka: "Alhaji, daina kallon lambar nan, irin waɗannan ba sa mutuwa." Ba zan ce ƙarya ya shirga ba. Akwai motocin da suka yi wannan suna da guminsu, a gaban idon iyayenmu. Sai dai sau da yawa wadda ake tallata maka gadon sunan kawai ta ci, kuma kai ne za ka biya kuɗin gadon.

A hamadarmu aka yi sunan. A farkon watan Janairun 1987 sojojin Chadi suka afka wa sansanin Libiya da ke Fada a cikin a-kori-kura ƙirar Toyota, suka tarwatsa tankokin Gaddafi, a watan Maris kuma suka ƙwace Wadi Dum. Har yau ana kiran wannan karon Yaƙin Toyota. Direbobin Agadas masu ratsa Tenere zuwa Dirku da Bilma ba su buƙaci labarin yaƙi ba, su da suke kwana a ƙarƙashin motar sun riga sun sani. A 1990 kuma kamfanin ya fito da injin da ya kai sunan ƙololuwa, wato 1HZ: silinda shida a jere, lita 4.2, babu turbo, babu kwamfuta, famfonsa na ƙarfe ne zalla. Ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, abin dariya ga inji mai wannan girma. To amma injin da ba a matsa masa ba ya daɗe. Shi ya sa ƙungiyoyin agaji da na Majalisar Ɗinkin Duniya suka riƙe shi shekara da shekaru, bayan Turai ta daina karɓarsa saboda hayaƙi.

Mota mai irin wannan inji kawuna ya saya, shi da ke fataucin ƙaro da riɗi a arewacin Yobe, wajajen Machina da Yusufari, inda kwalta ke ƙarewa rairayi ya karɓa. A Damagaram ya samo ta, a gwanjon wata ƙungiyar agaji, fara fat, da tabon tambarin da aka ɓamɓare a ƙofa. Agogonta ya haura kilomita dubu ɗari uku. Ranar da ya shigo da ita gida 'yan'uwa suka yi ta zolaya, wai Kawu ya auro bazawara mai jikoki.

Na ce masa, "Kawu, anya ka duba lambar nan kuwa?"

Ya buɗe aljihun gaban mota ya ciro wani littafi mai kauri, bangonsa ya sha baƙin mai, ya miƙo mini. "Karanta wannan, yaro, kai da ka yi boko."

Da Faransanci aka cika shi, ni ma sai da aka fassara mini. Littafin direbobi ne. Kowane juye an rubuta rana da kilomita. An rubuta ranar da aka canza matatar gas, ranar da aka wanke lagireto, da ranakun da aka sauya bel ɗin tayimin, wanda a wannan inji ake canzawa duk kilomita dubu ɗari, domin idan ya tsinke ana tafe fistin da bawul ne za su gwabza. Akwai hannu uku ko huɗu daban-daban a ciki, wani da biro shuɗi, wani da fensir, har da wanda ya rubuta cewa ya ji ƙara a gaba ta hagu a hanyar Tanut. Kawu bai iya karanta ko layi ɗaya ba, amma ya ga babu shafin da aka tsallake, ya biya.

Kada a ɗauka daɗi ya sha daga nan. Inji ne ba ya mutuwa, sauran mota kuwa tana tsufa kamar kowace. A shekarar farko ya canza kuloci, ya canza sifirin na baya da buhuna suka sunkuyar, ya sa aka kwance gaban motar saboda giris da ke tsiyayowa ta bayan tayoyi, ya yi ta zarya Ƙofar Ruwa neman bushi da beyarin. A kan kwalta kuma ba ta da gudu, 'yan Golf na wuce shi suna masa hon, ga jijjiga da za ta sa ka ji kowace gaɓa ta jikinka. Amma duk abin da ya lalace, bakanike a Nguru ko Gashuwa zai gyara shi da sifana da guduma a gindin bishiya. Motar ta yi masa aiki fiye da shekara goma, ba a taɓa buɗe kan injinta ba.

Wannan labari, da ire-irensa da kowane gari ke da su, shi ya ja wani maƙwabcina a Kano. Ma'aikacin gwamnati ne, tafiyarsa daga gida zuwa ofis, sai ɗaurin aure a ƙarshen mako. Wajajen 2014 ya sayi jif mai gas, tokunbo, ta Kwatano, lokacin ba a hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa ba, don sai a Janairun 2017 hanin ya fara aiki. Mota kam ta yi kyau: kujerun fata, sanyi kamar firji, agogo yana nuna ƙasa da rabin abin da motar Kawu ta ci. Ya ce da ni, "Malam, sayen nagari mayar da kuɗi gida. Wannan har 'ya'yana."

Gas ɗin ne ya haɗa su, amma injin ba dangin na Kawu ba ne. Tun daga wajajen 2000 masu ƙera motoci suka koma wani tsari inda famfo ke tara mai a bututu guda da matsi mai tsanani, ninki ɗaruruwa na iskar da ke cikin taya, kwamfuta kuma ta riƙa buɗe nozul tana rufewa sau da dama a bugu ɗaya. Sakamakon ya yi kyau: ƙaramin inji, ƙarfi mai yawa, shan mai kaɗan, ba ƙara. Kuɗin wannan kyau shi ne injin ba ya yafiya. Ramukan nozul ɗinsa ƙanana ne ƙwarai, ɗigon ruwa ko ƙurar da tsohon famfo zai haɗiye ya wuce, wannan sai ta cinye shi. An ƙera shi ne don gas ɗin Turai, wanda tun 2009 doka ta ƙayyade sinadarin salfa a cikinsa kada ya wuce kashi 10 cikin miliyan. A lokacin dokar Najeriya ta yarda da har 3,000. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya tona yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa gas mai datti musamman domin Afirka ta Yamma, kuma sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Wannan fa gas na gidan mai ke nan, ba a zo maganar na 'yan bumburutu ba, wanda wani lokaci har kananzir ake sirka masa.

Ba a shekara ba motar ta fara wuyar tashi da safe. Sai fitilar gargaɗi ta kama, sai ta daina ja a tsakiyar titi, mutum ya taka totur har ƙasa tana tafiyar hawainiya. Akwai wata matatar toka a cikin salansar motocin Turai na bayan 2010, wadda ba ta ƙone abin da ta tara sai an yi doguwar tafiya da gudu. Maƙwabcina kuwa daga Kabuga zuwa sakatariya yake, cikin cunkoso. Matatar ta toshe. Bakaniken farko ya fasa ta ya zubar, kwamfuta ta ƙi yarda. Na biyu ya ce nozul ne, aka kwance aka wanke da fetur irin yadda ake yi wa tsofaffi, aka ƙarasa su. Sai da aka kai ga mai na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, shi ne ya juyo allon ya nuna masa cewa ƙwaƙwalwar motar ta ajiye wata lamba dabam da ta agogo, kusan ninki biyu.

Mayar da agogo baya tsohuwar sana'a ce, kuma agogon lantarki ya fi na da sauƙin taɓawa. Ko ba a taɓa ba, lambar ba ta faɗin komai a kan irin rayuwar da mota ta yi. Kilomita dubu ɗari uku a kan doguwar hanya da inji mai ɗumi sun fi dubu ɗari na tashi-tsaya a cikin gari sauƙi ga ƙarfe. Motar rakiyar manya da ke wuni a tsaye inji na aiki don direba ya sha sanyi, agogonta ba ya motsi amma ringinta na cinyewa. Wadda ta fito daga ƙasar ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, tana iya zuwa da fenti mai sheƙi da shasi da tsatsa ta rarake. Akwai kuma waɗanda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu a wani gareji, da walda da addu'a.

Na taɓa raka wani tsohon bakanike duba irin wannan mota, kuma yadda ya yi ya fi duk wata shawara da zan rubuta. Ya ƙi zuwa da rana. Ya ce da sassafe, kuma kada kowa ya tayar da ita kafin ya iso. Da zuwansa ya ɗora bayan hannu a kan inji ya tabbatar da sanyinsa, don dillalai kan ɗumama mota su ɓoye wuyar tashi. Ya sa aka murza makulli shi yana tsaye a baya wajen salansa. Ɗan baƙin hayaƙi na bugun farko bai dame shi ba. Shuɗi yake nema, alamar inji na shan baƙin mai, ko fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama. Sannan ya dawo gaba ya kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ya ɗora shi a bakin ramin ba tare da ya ɗaure ba. Murfin ya hau rawa yana tsalle, hayaƙi na bugowa ta ƙarƙashinsa fuf-fuf-fuf. Bai ce uffan ba. Ya leƙa ruwan lagireto ko yana tsattsafo da kumfa, ya durƙusa ya shafa robar birki da ta kuloci da ƙafa ta sheƙe har ƙarfe ya fito, ya dubi agogon da ke cewa motar yarinya ce, ya dubi dillali. Daga ƙarshe ya ce a kai ta kan rairayi a sa giyar taimako. Sandar ta ƙi shiga, da ya leƙa ƙasa sai ga shi babu ma farfelar gaba, an cire.

"Oga, ai ƙaramin gyara ne," in ji dillali.

"To gyara, ka kira mu," ya ce, yana goge hannu.

Saura lissafin mai, wanda a da shi ne babbar hujjar masu gas. A Najeriya hujjar ta daɗe da raunana, domin an cire hannun gwamnati daga farashin gas shekaru da dama kafin a taɓa fetur. A farkon 2022 litar gas ba ta kai naira 300 ba. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, kafin tsakiyar shekara ta haura 700, fetur kuwa yana 165 a hukumance. Cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 da fara aikin matatar Ɗangote a 2024 sun rage tazarar, amma ba su mayar da gas mai araha ba. Wanda ke cin dogon zango da kaya zai ga ribar ƙarancin shan mai. Wanda ke zagaye cikin gari ba zai gan ta ba, kuma saitin nozul guda na injin zamani zai lashe abin da ya tara na shekaru.

Idan aka tambaye ni yau, ni ma tambaya nake yi: ina za ka da ita, kuma wa zai gyara maka? Mai gona a fadama, mai fatauci a kasuwannin ƙauye, mai bin hanyar da damina ke yankewa, wannan ya nemi tsohon inji marar kwamfuta mai takardun tarihi, ya ware kuɗin gyaran shekarar farko tun kafin ya biya la'ada, kada yawan kilomita ya firgita shi. Wanda kwalta ce hanyarsa, girman motar da kwarjininta kawai yake so, maƙwabcina ya riga shi gwadawa. Ya sayar da tasa da asara ya koma ƙaramar mai fetur.

Ko mai buƙatar ta gaskiya ma, samun tsohuwar marar kwamfuta ya yi wuya yanzu. Tun da aka gano zinariya a Jado, can cikin hamada, a 2014 masu haƙa suka bi tsofaffin a-kori-kuran nan suna saye da tsada, suna loda musu ganguna da mutane har sifirin ya miƙe. Masu lafiyar ba a kawo su kasuwa, a hannu ake sayar da su tsakanin waɗanda suka san juna. Waɗanda ke dawowa daga can su iso filin dillalai an yi musu sabon fenti, agogon da yawansu ya daina juyawa tun shekarun baya, littafin direba kuwa babu wanda ya san inda ya faɗi.