Wa Ke Sauraron Abin Da Ake Faɗa Da Hausa A Facebook Da TikTok?

A wani dare na watan Agustan 2014, wayoyi suka yi ta ƙara a gidajen Najeriya tun kafin kiran assalatu. Uwa ta kira ɗanta da ke makaranta, ƙane ya tura wa yayansa saƙo, maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci: a tashi a yi wanka da ruwan ɗumi mai gishiri, a kuma sha, wai shi ne rigakafin cutar Ebola da ta shigo Legas a watan Yuli. Babu likita ko ɗaya a bayan wannan magana. Kafin hukumomin lafiya su ƙaryata ta, aikin gama ya gama. Aƙalla mutum biyu suka rasu, aka kwantar da wasu da dama a asibiti. Yawancin waɗanda suka tura saƙon nan don ƙauna suka tura shi, kuma abin da ya sa sha'anin kafofin sada zumunta ke da wuyar hukunci ke nan: hanyar da alheri ke bi, ita ɓarna ke bi.

Alherin kuwa ba ƙarami ba ne, kuma bai kamata masu yawan tsine wa waya su riƙa tsallake shi ba. Matar aure a Kano ko Zariya, wadda a da sai ta ɗora wa 'yarta talla kafin sana'arta ta fita ƙofar gida, yau tana ɗaukar hoton atamfa, leshi, humra ko turaren wuta ta saka a WhatsApp. Mai saye ya turo kuɗi ta banki, a kai kaya tasha, direba ya sauke su a Maraɗi ko Yola. Ba ta biya kuɗin shago a Kantin Kwari ba, 'yarta kuma ba ta rasa aji ba. Marubutan littattafan Hausa, waɗanda galibinsu mata ne, sun sami masu karatu a zaurukan WhatsApp da Wattpad bayan tsadar takarda ta durƙusar da bugu. Masana'antar Kannywood, da masu satar fasaha suka kusa kai ta ƙasa lokacin da kasuwar faifai ta mutu, ta sake numfashi a YouTube da finafinai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina. Ana kallonsu a Damagaram, a zangon Kumasi, da ɗakunan 'yan ci-rani a Jidda a rana guda. Haka tafsirin azumi: ɗalibi a ƙauye na bin malamin da bai taɓa gani da ido ba.

Akwai kuma maganganun da sai da waya ta zo suka sami bakin faɗa. A 2019, 'yan matan Arewa suka fito ƙarƙashin #ArewaMeToo suna bayyana cin zarafin da aka saba binnewa da sunan rufin asiri. A farkon 2022, kisan da wani mai makaranta ya yi wa ɗalibarsa 'yar shekara biyar a Kano ya girgiza ƙasa, jama'a suka riƙe zancen ba su bari ya huce ba har kotu ta yanke hukunci a shekarar.

To, a ina matsalar take? Kowace kasuwa a ƙasar Hausa tana da sarkin kasuwa, mai jin harshen masu ciniki, wanda ake kai wa ƙara in an yi algus ko an tauye mudu. Wannan sabuwar kasuwa da miliyoyin Hausawa ke wuni a cikinta, masu ita suna Amurka da Sin, kuma ba su nuna cewa sun damu da fahimtar abin da ake faɗa a cikinta da Hausa ba. Lokacin da Mark Zuckerberg ya ziyarci Najeriya a 2016, ya yi alfahari da cewa an saka Hausa cikin harsunan Facebook. Buɗe wa mutane ƙofa abu ne mai sauƙi kuma mai riba. Ɗaukar ma'aikatan da za su zauna su saurari abin da ke wucewa ta ƙofar, shi ne ke cin kuɗi.

Jihar Filato ta ɗanɗana kuɗarta. A ƙarshen watan Yunin 2018, yayin da ake kashe-kashe a yankin Gashish na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, wasu hotuna masu tayar da hankali suka bazu a Facebook, ana cewa abin da ke faruwa ke nan a lokacin. Binciken da sashen Africa Eye na BBC ya yi daga baya ya gano cewa hoton wani jariri da aka sassara ya riga rikicin fitowa da watanni, wani bidiyon kuma daga Kongo Brazabil aka ɗauko shi, tun na 2012. Amma ranar 24 ga watan, fusatattun matasa sun tare hanya, suka fitar da mutum 11 daga motoci suka kashe su. Kisan da aka yi a Gashish gaskiya ne, mutane da yawa sun rasa rayukansu, sai dai hotunan ƙarya sun ƙara wa wutar fetur, suka jawo mutuwar matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. Binciken ya kuma bayyana cewa a lokacin mutum huɗu kacal ke aikin tantance labarai wa Facebook a ƙasar da mutum miliyan 24 ke amfani da shafin duk wata, kuma a cikinsu babu mai jin Hausa.

Lamarin ya fi tsanani a wurinmu saboda wani dalili da ba a cika ambata ba. Bahaushe mutumin rediyo ne. Tun 1957 yake sauraron BBC Hausa, ya kuma taso da yarda cewa muryar da ta fito daga akwati an tace ta kafin ta iso kunnensa. Yanzu akwatin ya koma waya, muryar kuma ta kowa ce. Dattijon da bai yi boko ba ba ya karanta rubutu, amma yana jin saƙon murya sarai, musamman in mai maganar ya fara da sallama da salati ya rufe da "don Allah a tura wa 'yan uwa Musulmi". Ba a san mai muryar ba, ba a san ranar da ya yi ta ba, na'urar kamfani kuma ba ta gane habaici ko zambo, balle ta bambance wa'azi da tunzuri. A WhatsApp ma saƙon a kulle yake, kamfanin kansa ba ya ganinsa. Abin da ya iya yi a 2019 shi ne taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda. Ta irin waɗannan hanyoyi jita-jitar cewa Shugaba Buhari ya rasu an musanya shi da wani Jibrin daga Sudan ta yi ƙarfi, har sai da shi da kansa ya ƙaryata ta a ƙasar Poland a Disambar 2018. 'Yan siyasa sun gane wannan rauni tuni: sojojin baka da aka sani a gidajen rediyon Kano sun sami ƙanne masu riƙe da waya, ana saya musu data su yi zagi da ƙage. 'Yan bindigar daji ma sun shigo, suna nuna makamai da damman kuɗi a TikTok.

Me hukumomi suka yi? A nan ne ran mutum ke ɓaci. A Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa, aka shafe wata bakwai kafin a buɗe a Janairun 2022, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. A Nuwambar 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu, saboda ɓata sunan Gwamna Ganduje a wani bidiyon barkwanci. A wannan watan na Nuwamba ne kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan saƙon da ya rubuta game da uwargidan shugaban ƙasa, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. Zagi ba tarbiyya ba ce, kuma duk wanda aka ɓata wa suna yana da haƙƙin zuwa kotu. Amma idan aka jera waɗannan, sai a ga hukuma tana da sauri matuƙa in an taɓa mutuncin babba, tana da nawa in ƙarya ta taɓa ran talaka. Hisbah ta Kano ma ta fi mayar da hankali kan masu rawa da batsa. Iyaye na da gaskiya da suke kuka da wannan, sai dai bidiyon rawa bai taɓa sa an tare hanya an kashe matafiya ba.

Ba wai gwamnati ba ta da ƙarfin tanƙwara kamfanonin ba ne. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Hukumar da ta iya wannan, da 'yan majalisar Arewa da suka cika zauren Abuja, za su iya kiran Meta da TikTok su bayyana a fili yawan ma'aikatansu masu jin Hausa, da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su sauke saƙon tunzuri bayan an kai ƙara. Kafofin bin diddigi irin su Dubawa da Alkalanci suna ƙoƙarin tantance labarai da Hausa, amma rubutunsu ba ya isa inda saƙon murya ke isa. Gidajen rediyon Kano, Kaduna da Sakkwato na iya ware musu minti goma kullum, a kunna jita-jitar da ke yawo a ranar, a faɗi asalinta da murya, a kuma yanka shirin gajere yadda zai shiga zaurukan WhatsApp ɗin da ƙaryar ta bi. Kuɗin wannan aiki bai kai abin da gwamnan jiha guda ke kashewa a tallan ayyukansa ba, kuma ya kamata a fara shi kafin zaɓen 2027 ya kankama.