A Saurari Kukan Masu Gidajen Haya

Kukan ɗan haya aka fi ji, kuma sau da yawa yana da gaskiya. Amma masu gidajen ma suna ji a jikinsu, musamman tsofaffin ma'aikata da suka zuba kuɗin sallamarsu a ginin ɗakuna huɗu ko biyar don su rufa wa kansu asiri.

A Abuja, doka ta tanadi a ba mai hayar shekara notis na wata 6, sannan na kwana 7, kafin a je kotu. Wannan kariya ce mai kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne shari'ar: a ɗage yau, a ɗage gobe, ɗan haya na zaune bai biya ko sisi ba, mai gida na biyan lauya. Ranar da ɗan hayar ya tashi, a tarar da famfo a karye, silin ya rufta, masai ya cika, ga bashin wuta. Gyara kuwa sai an shirya, tunda buhun siminti ya haura naira 10,000 a 2024.

Ba ma goyon bayan kware rufi ko ɓalle ƙofa don korar mutum. Muna kira a sanya wa shari'ar haya wa'adi, masu unguwanni kuma su shiga tsakani tun bashi bai kai shekara ba.