Fasahar nano da ciwon ƙoda na farat ɗaya: Har yanzu a jikin ɓeraye ake gwaji

Ciwon ƙoda na farat ɗaya ba ya sallama. Cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki sai ƙoda ta kasa tace jini, fitsari ya ragu, guba ta taru a jiki. An ƙiyasta mutum miliyan 13.3 ke kamuwa da shi duk shekara a duniya, kusan miliyan 1.7 kuma su rasu. Har yau babu maganin da ke warkar da shi kai tsaye. Sai ƙarin ruwa, da magance musabbabin, da wankin ƙoda idan abin ya tsananta.

Babbar matsalar ita ce isar da magani. Idan ya shiga jini yakan bazu ko'ina, kaɗan ne ke tsayawa a ƙananan bututun ƙoda inda ɓarnar take. In an ƙara yawansa kuma, ya illata wata gaɓar.

Nan fasahar nano ta shigo: a ƙunshe maganin cikin ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi da ake aunawa da nanomita, wadda sai an jera kusan 80,000 kafin a kai kaurin silin gashi. A 2015 masu bincike a cibiyar Sloan Kettering da ke New York sun nuna cewa ƙwayoyi masu girman nanomita kusan 400 na taruwa a bututun ƙodar ɓeraye fiye da sauran gaɓoɓi. Abin ya ba da mamaki, domin girmansu ya wuce ramukan matatar ƙoda nesa ba kusa ba. A 2018 wasu a Jami'ar Wisconsin sun rage ɓarnar ƙoda a ɓeraye da DNA da aka ninke.

Fasahar ba tatsuniya ba ce, da irinta aka ƙunshe rigakafin korona na Pfizer da Moderna. Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma duk mai tallata "maganin nano na ƙoda" a Facebook yau yaudara yake yi.

Ya kamata a tallafa wa binciken, sai dai kada hukumomi su fake da jiransa. A Najeriya da maƙwabtanta, zazzaɓin cizon sauro, amai da gudawa, zubar jini wajen haihuwa da gurɓataccen magani na sahun gaba wajen kayar da ƙoda. Maganin haƙori na My Pikin ya kashe yara 84 daga ƙarshen 2008, maganin tari kuma ya kashe kusan 70 a Gambiya a 2022. Abin da zai hana maimaituwar haka shi ne binciken magani kafin ya shiga kasuwa, da gwajin jinin ƙoda a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma.